Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Cajar Batir: Gwaji, Zanen Wayoyi da Neman Kayan Gyara

Tsohuwar cajar batirin mota, irin mai akwatin ƙarfe da allurar mita a gaba, ba ta da sarƙaƙiya irin ta cajar zamani. Idan ka buɗe ta, abin da za ka tarar bai wuce guda shida ko bakwai ba: taransifoma mai rage wutar gida zuwa ƙarfin da batir zai ɗauka, rektifaya mai mayar da wutar AC ta gida zuwa DC ta batir, mita mai nuna amfiya, makunnin zaɓen 6V ko 12V, ɗan abin katse wuta idan ta yi yawa, sai wayoyi da kilif biyu. Manya masu taya kan zo da fanka da agogon da ke kashe su idan lokaci ya cika. Kusan duk waɗannan ana samun madadinsu, ban da taransifoma. Don haka ga tsarin da nake ganin ya dace: a tabbatar da lafiyar taransifoma kafin a sayi ko noti ɗaya, a kuma zana wayoyin a takarda kafin a kwance ko guda. Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne mutane suka fi ɗokin farawa da shi.

Kada ka jona ta tukuna

Cajar da ta shekara talatin ko arba'in a ajiye ba a sa ta a soket don a ga ko tana yi. Robar wayarta ta bushe ta tsattsage, kuma da yawa daga cikinsu waya biyu kawai gare su, babu ta ƙasa. Idan wuta ta taɓa jikin akwatin, babu abin da zai katse ta sai ta bi ta jikin wanda ya kama.

Fara da karanta farantin bayanin da ke jikinta. Ka rubuta sunan kamfani, lambar samfuri, wutar da take ci da wadda take fitarwa. Nan akwai tarko babba. Cajar da aka ƙera don Amurka tana cin 110V zuwa 120V a 60Hz, ta Turai kuma 220V zuwa 240V a 50Hz. Ka sa ta Amurka a 230V kai tsaye, naɗin wayar taransifomarta zai ƙone cikin ɗan lokaci. Ko da ka haɗa ta da taransifomar rage wuta, wadda aka yi don 60Hz takan fi zafi a 50Hz, sai a rage mata nauyi.

Daga nan ka cire murfi. Ka sa safar hannu da takunkumi, domin wasu tsoffin kayan lantarki an naɗe wayoyinsu ko an shimfiɗa musu asbestos, wani farin abu mai zare-zare da ƙurarsa ke lalata huhu. Idan ka ga irinsa, kada ka hura masa iska, kada ka kankare shi. Idan kuma akwai kafasita mai gwangwanin ƙarfe da ke zubar da mai, kada man ya taɓa fatarka: waɗanda aka yi kafin ƙarshen shekarun 1970 suna iya ƙunsar sinadarin PCB, wanda Amurka ta hana ƙerawa a 1979. Kafasita tana riƙe wuta bayan an cire fulogi, sai ka sauke ta ta cikin rezista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, kafin ka sa hannu.

Ka yi amfani da hancinka ma. Ƙaurin banish da ya ƙone daga wajen taransifoma mugun labari ne. Wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ko tafarnuwa kuwa na tsohuwar rektifaya ne, irin wadda aka yi da sinadarin seleniyam, da ta mutu, wannan kuma mai sauƙin gyara ne.

Zanen wayoyi: wanda ka yi da hannunka ya fi wanda za ka samu

Kafin ka je nesa, juya murfin ka duba cikinsa. Kamfanoni da yawa sukan manna zanen a can, kuma sau da yawa yana nan, ya yi rawaya amma yana karantuwa. Ka ɗauke shi hoto nan take, don takardar takan marmashe da zarar an fara goge-goge.

Idan babu, ka nema a intanet da sunan kamfani da cikakkiyar lambar samfuri, ka haɗa da kalmar schematic ko wiring diagram, idan kuma ƙirar Jamus ce ka sa Schaltplan. Internet Archive da ManualsLib suna ɗauke da tsoffin littattafan bayani masu yawa. Abin da ke ɓatar da masu nema shi ne, sunan da ke gaban caja ba lallai ne ya zama na wanda ya ƙera ta ba. Sears, kantin sayar da kaya na Amurka, alal misali, ba ita ta ƙera cajojinta ba. A da takan sa wasu su yi mata ta buga sunanta. Lambobi ukun farko na samfurinta ne ke nuna maƙerin, kuma masu farawa da 200 na Schumacher ne. Da ka gane haka, sai ka nemi zanen irinta a ƙarƙashin sunan ainihin kamfanin. Idan akwai lambar haƙƙin ƙirƙira a farantin, ka sa ta a Google Patents. Takardun nan kan zo da zanen yadda wutar ke bi. Lambar ma tana taimaka maka ka kimanta shekarun cajar, tunda a Amurka an kai lamba miliyan 2 a 1935, miliyan 3 a 1961, miliyan 4 a 1976.

Duk da haka, ko ka samu zanen kamfani, ka yi naka. Dalili kuwa, kamfani kan canza wani abu a tsakiyar shekarar ƙira ba tare da ya gyara takarda ba, kuma cajar da ta kai wannan shekaru da wuya ka ce ba wanda ya taɓa sa mata hannu. Abin da ke gabanka shi ne gaskiya.

Ɗauki hoto ta kowace kusurwa, kusa da nesa. Sa'an nan ka naɗa wa kowace waya ɗan tef a bakinta biyu, ka rubuta lamba iri ɗaya. Kada ka dogara da launi. Launukan sun koɗe, kuma ƙa'idar da ba ta yanzu ba ce: a tsoffin kayan Ingila ja ce mai wuta, baƙa ce nutural, amma a wasu tsoffin kayan Jamus ja ita ce wayar ƙasa.

Raba takardar gida biyu. Hagu ɓangaren wutar gida, dama ɓangaren batir, taransifoma a tsakiya. Ka bi wayar fulogi da yatsa da multimita, wato mitar hannu ta auna wuta: daga ina ta shiga, ta bi ta fis ko makunni ko agogo, ta ƙare a wace wayar taransifoma. Wayoyin naɗin shiga sirara ne, na naɗin fita masu kauri. A ɓangaren dama ka ƙirga masu kaurin, domin su ne za su gaya maka irin tsarin cajar. Idan biyu ne kuma duka sun tafi rektifaya mai ƙafa huɗu, tsarin gada ne mai dayod huɗu (dayod shi ne abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai). Idan uku ne, biyu sun tafi rektifaya, ta tsakiya kuma ta wuce ta mita ko abin katse wuta ta nufi kilif, to tsarin mai wayar tsakiya ne da dayod biyu. Manyan cajojin Amurka galibi haka suke. A nan ka lura da kyau: wayar tsakiyar ta tafi kilif mai alamar + ne ko mai alamar −? Duka biyun akwai su, kuma wannan ne zai nuna yadda za ka juya sabbin dayod.

Makunnin 6V da 12V ya fi kowane abu ruɗarwa. A wasu yana ɓangaren fita, a wasu yana ɓangaren shiga, inda yake zaɓar tsawon naɗin da wutar gida za ta bi. Ka juya shi zuwa kowane matsayi, ka gwada wace ƙafa ce ta haɗu da wace, ka rubuta a gefe. Kuskure a nan yana da tsada: idan wutar gida ta faɗa tsakanin rassa biyu na kusa da juna maimakon farkon naɗin da reshe ɗaya, ɗan guntun naɗin da ke tsakaninsu zai ƙone nan take.

Gwajin taransifoma

Cire wayoyin fita daga rektifaya, ka rufe bakunansu da tef yadda ba za su taɓa juna ba. Fulogi na waje, ka sa multimita a ma'aunin om. Naɗin shiga na ƙaramar caja mai 4A zuwa 6A a 230V yakan nuna gomomin om. Na babba, om kaɗan. Naɗin fita ƙasa da om ɗaya. Idan mitar ba ta motsa ba sam a naɗin shiga, kada ka yanke ƙauna tukuna, don wasu na da ɗan fis na zafi a ɓoye ƙarƙashin takardar farko ta naɗin, kuma ana iya canza shi. Sa'an nan ka auna tsakanin naɗin shiga da na fita, da kuma tsakanin kowannensu da ƙarfen jikin taransifomar. Bai kamata a samu haɗuwa ba ko kaɗan. Multimita da ɗan batirinta ba ta iya tono kowace ɓaraka, don haka idan za ka samu mai na'urar mega, wadda ake gano ɓarakar wuta da ita, ya gwada maka a 500V, ka yi. Ana so ta nuna sama da megom ɗaya, kuma lafiyayya takan wuce haka nesa.

Akwai cutar da mita ba ta gani: zagaye biyu ko uku na naɗin su manne da juna a ciki. Maganin gano ta kwan fitila ne, irin na da mai zare, 60W zuwa 100W. Kwan LED ba ya wannan aikin. Ka haɗa shi a jere da wayar da ke ɗauke da wuta, yadda duk wutar da za ta shiga cajar sai ta ratsa ta cikinsa. Ka kunna, hannunka nesa da ciki, zai fi kyau ma ta soket mai na'urar katse wuta idan ta zuba. Kwan ya yi ja-ja kaɗan ko ya ƙi kamawa, taransifoma lafiya. Ya haska sosai alhali ba a ɗora mata komai ba, akwai haɗuwa a ciki. Manya-manyan taransifoma suna ɗan cin wuta ko babu kaya, to a kansu ka yi amfani da kwai mafi girma kafin ka yanke hukunci.

Idan ta tsallake wannan, auna wutar AC a naɗin fita. A matsayin 12V za ka ga wajen 13V zuwa 16V, a 6V kuma wajen rabin haka. Mai wayar tsakiya, daga tsakiya zuwa kowane gefe dole adadin ya zo daidai. Ka bar ta a kunne rabin sa'a, ka kashe, ka cire fulogi, ka taɓa. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa laifi ne. Ƙarar zzz mai yawa kuwa sau tari faranten ƙarfenta ne suka saki, ɗaure notina da ɗan banish kan kwantar da ita.

In taransifomar ta ƙone, mai naɗin koyil zai iya sake mata naɗi idan ya ƙirga zagayen tsohon ya kuma auna kaurin wayar. A kan ƙaramar caja ta gama-gari, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. A kan babba mai naɗin jan ƙarfe, ko wadda ke da daraja a wurinka, ya cancanta.

Rektifaya, inda yawancin matsalar take

Cajojin shekarun 1940 zuwa 1960, har da wasu na bayan nan, seleniyam suke amfani da shi. Za ka gane ta da faranti masu kusurwa huɗu ko zagayayyu da aka jera a kan dogon ƙarfe ɗaya da tazara tsakaninsu. Tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi: tana ƙara riƙe wuta, tana ƙara zafi, caji na raguwa, har ranar da za ta ƙone da hayaƙi mai guba. Shawarata a canza ta ko da tana aiki. Mai son cajar ta ci gaba da kamanninta na asali sai ya bar ta a wurinta, ya cire mata wayoyi, ya ɓoye sabuwar a gefe. Kada dai a kankare farantanta ko a sa musu wuta.

Ga caja har zuwa 10A ko 15A, gadar silikon KBPC3510 mai 35A ko KBPC5010 mai 50A ta wadatar. Kada lambar ta ruɗe ka. Ba ta kai wannan ƙarfin sai tana sanyi, shi ya sa ake ɗaukar wadda ta ninka buƙata sau biyu ko uku. A 10A gada na zubar da wajen 20W na zafi. Ka ɗaure ta a farantin alminiyam mai faɗi da man isar da zafi a tsakani, inda iska ke ratsawa. Ƙafafu biyu masu alamar ~ su ne na taransifoma, + da − na batir.

Mai wayar tsakiya ma wannan gadar tana yi mata, rabinta kawai za ka yi amfani da shi. Wayoyin gefe biyu su tafi ~ da ~. Idan wayar tsakiya ce negetif, ka ɗauki fositif daga ƙafar +, ka bar ƙafar − ba komai. Idan ita ce fositif, ka ɗauki negetif daga ƙafar −, ka bar +. Manyan cajoji masu tayar da inji, masu fitar da 100A ko 200A na ɗan lokaci, sun fi ƙarfin wannan gadar. Su dayod masu noti suke buƙata, irin 70HF da makamantansu, wani lokaci fiye da ɗaya a kowane gefe. Jikin waɗannan dayod ɗin kansa ƙafa ce, mai harafin R a lambarsa kuma a juye yake, don haka farantin da ka ɗaure su a kai yana ɗauke da wuta. Ka duba yadda na asali yake: idan an raba shi da akwatin da roba ko filastik, kai ma ka raba.

Ga abin da mutane da yawa ke tsallakewa. Silikon ba ya cin wuta kamar seleniyam. Dayod ɗin silikon na rage wajen 0.7V zuwa 1V, kuma adadin ba ya canzawa sosai komai nauyin da aka ɗora. Seleniyam kuwa tana rage fiye da haka, kuma ragin na ƙaruwa idan amfiya ta ƙaru. Wato tsohuwar rektifayar tana yi wa cajar birki ba tare da an sani ba. Da ka cire ta, caja mai 6A na iya tura 8A ko 9A cikin batirin da ya yi ƙasa, taransifomar da ka sha wahalar tantancewa ta fara dahuwa. Ka auna bayan canji. Idan ta wuce abin da farantin bayani ya ce, ka sa rezista mai jikin alminiyam a jere da wayar fita. Ta 0.1 om tana rage 1V a 10A, tana fitar da zafi 10W, don haka ka ɗauki mai 50W ka ɗaure ta a ƙarfe.

Idan kuma abin da ka tarar a ciki babban kwai ne na gilashi kamar na fitila, wannan Tungar ce, ƙirar General Electric da ta fito tun 1916. Wasu daga cikin irin waɗannan ba sa raba wutar gida da ta batir. Ni dai irinsu na fi son a goge a ajiye don kallo.

Sauran kayan

Wajen neman kayan gyara, ka bi ƙarfin abu da girmansa, ka manta da lambar kamfani, wadda galibi an daina yi tuntuni. Abin katse wutar ɗan gwangwani ne mai ƙafa biyu da ke buɗewa idan ya yi zafi ya koma da kansa idan ya huce. Irin na motoci ne, adadin amfiyarsa a buge yake a jiki, ka sa daidai shi. Kada ka haɗe wurinsa da waya, shi ne ke ceton taransifoma ranar da kilif suka taɓa juna. Makunni mai datti, ruwan wanke kayan lantarki kan tayar da shi. Wanda ƙafafunsa suka ƙone sai canji, da mai ƙarfin AC ko DC gwargwadon ɓangaren da yake. Mitar da allurarta ta maƙale, ka buɗe a hankali ka busa mata iska. Wasu mitocin ba a jona musu waya, wayar fita ce kawai ke ratsawa ta wani maƙali a bayansu, idan allura ta koma baya sai a juya wayar. Abubuwan da ba a sayarwa, kamar maɓallin juyawa, hannun ɗauka da fuskar mita, hanya mafi sauƙi ita ce samun matacciyar caja irinta a cire.

Wayar wutar gida ka canza ta duka da mai uku. A sabuwar waya ƙirar Turai ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, kore da rawaya ta ƙasa; a ƙirar Amurka baƙa ce mai wuta, fara nutural, kore ta ƙasa. Ta ƙasar ka ɗaure ta a jikin akwatin da noti nata na kanta, a wurin da ka kankare fenti, ka kuma bar ta ta ɗan fi sauran tsawo don ta zama ta ƙarshen tsinkewa idan an fizgi wayar. Fis da makunni su kasance a kan mai wuta. Ka sa zoben roba a ramin da wayar ke shiga. Wayoyin batir kuwa, 2.5mm² zuwa 4mm² na jan ƙarfe sun isa 10A, mai tayar da inji tana son 16mm² ko sama. Kilif ya zama mai ƙarfin cizo, a matse wayar a kuma yi mata dalma.

Akwatin: cire komai, wanke, goge tsatsa da burushin ƙarfe da samfefa mai ruwa saboda tsohon fenti kan ƙunshi dalma, shafa fentin hana tsatsa, sai na sama. Ka rufe farantin bayani da rubutun gaba da tef, kada kuma fenti ya toshe ramukan iska.

Gwajin ƙarshe

Ka haɗa komai bisa zanenka, ka sake kunnawa ta cikin kwan fitilar nan kafin ka ba ta wuta kai tsaye. Kada ka firgita idan multimita ta nuna 11V ko 12V a kilif babu batir. Wutar da irin wannan caja ke fitarwa tana hawa tana sauka ne, mitar matsakaicinta take nunawa, alhali ƙololuwarta na iya kai 18V ko fiye. Ka tabbatar jan kilif shi ne +, sa'an nan ka gwada da kwan fitilar gaban mota mai 55W, wanda ke cin wajen 4.5A. Ya haska sosai, mita ta motsa, sai ka koma kan batir.

A yi wannan inda iska ke shiga, da tabarau a ido, babu sigari babu tartsatsi, domin batir na fitar da iskar haidirojin wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iska. Caja a kashe, ka maƙala ja a +, baƙi a −, sa'an nan ka kunna. Wajen cirewa ka fara kashewa. Allura za ta tashi sama ta riƙa saukowa a hankali. Bayan minti goma sha biyar ka kashe ka taɓa gada, rezista, makunni da kowane mahaɗi. Wanda ya fi sauran zafi bai ɗauru ba ne. Amfiyar da ta dace wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batirin ce, 6A ga mai 60Ah.

Wannan cajar ba ta san batir ya cika ba. Za ta ci gaba da turawa har ruwansa ya tafasa ya ƙafe. Ka bar multimita a kan batirin, idan ya kai 14.4V, ko 7.2V ga mai 6V, ka sa ido ka kashe ba da jimawa ba. Bayan ya huta wasu sa'o'i, cikakken batir zai nuna wajen 12.6V, mai 6V kuma 6.3V. Ƙaramar mitar dijital da aka liƙa a gefen akwatin da agogon soket mai kashe wuta suna rage wannan gadin sosai, ba tare da sun ɓata kamannin cajar ba. Batir mai ruwa da ake buɗe murfinsa a ƙara masa tataccen ruwa shi ne aka yi ta dominsa. Rufaffun batira irin AGM da mai jel ba sa jure cajin da ya wuce kima, tunda ruwan da suka rasa ba ya dawowa. Batirin litiyam kada a kusantar da shi gare ta ko sau ɗaya. Idan kuma batirin na cikin motar zamani mai kwamfuta, ka cire masa wayar negetif ta motar kafin ka jona cajar.